Jan ɗigo ko baƙin ƙarfe: littafin gwajin saitin gaba a filin harbi na Riyad

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na buɗe wannan littafi domin na gaji da gardamar baki. Wata 3 ke nan, duk ranar da muka zauna shan gahawa bayan atisaye a kulob ɗinmu na nan Riyad, zancen ɗaya ne: saitin gaba mai tsinken faiba ya fi, ko baƙin ƙarfe zalla? Kowa sai rantse-rantse, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki biro ya rubuta lamba ba. Ni kuwa abin a jikina yake. Shekarata 46, kuma tun bara na lura idan na miƙa hannu da bindiga, bakin saitin gaba ba ya fitowa tangaran kamar da. Likitan ido ya ce ba ciwo ba ne, girma ne ya zo: da zarar mutum ya haura 40, ƙwayar ido takan fara tauri, ganin kusa ya riƙa wuya.

Ga wanda bai taɓa riƙe ƙaramar bindiga ba, ga yadda abin yake. A samanta akwai ƙarfe biyu. Na baya yana da tsaga a tsakiya, na gaba kuma ɗan tsini ne a tsaye kusa da baki. Larabawa suna ce wa na gaban sha'ira, wato ƙwayar sha'ir. Kaftin ɗin da ke horar da mu, da yake Bamisire ne, dibbana yake ce masa, ƙuda ke nan. Aikin maharbi shi ne ya sa ƙudan nan cikin tsagar, samansu ya yi daidai wa daida, hasken da ya rage dama da hagu ya zama ɗaya, sannan ya matsa kunama ba tare da ya ɓata wannan jeri ba. Tsinken faiba kuwa roba ce siririya kamar tsinken tsintsiya, ja ko kore, da ake zura ta cikin ƙudan. Ba ta da batir. Haske take sha ta jikinta, ta tara shi, ta fitar ta baki, sai maharbi ya ga ɗigo yana ci kamar garwashi.

Kaftin ya amince a ware mini ƙananan bindigogi samfurin Glock 17 guda 2 daga cikin bindigogin kulob, waɗanda dama can a ma'ajiyarsa suke kwana. Mai gyara ya sa wa dukansu baƙin saitin baya iri ɗaya. A gaba, ɗaya ta samu baƙin ƙuda mai zane-zane a kwance don kashe ƙyalli, ɗayar kuma ƙuda mai jan tsinke mai kaurin milimita 1.5. Tsayinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, domin da tsayi ya bambanta da gwajin ya lalace tun daga tushe: ƙuda mai tsawo ƙasa yake kai harsashi, gajere kuma sama. Harsashi iri ɗaya zan yi amfani da shi, milimita 9. Kowane mako zan sauya wadda nake farawa da ita, kada gajiya ta riƙa faɗa wa guda kullum.

Asabar, 18 ga Janairu

Na fara da atisayen da ake kira El Presidente, wanda Jeff Cooper ya shahara da shi, mutumin da ya zama shugaban farko na IPSC, ƙungiyar duniya ta wasanmu na harbin sauri da saiti, lokacin da aka kafa ta a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka. Allo 3 a nisan mita 10. Ka ba su baya, agogo ya yi ƙara, ka juyo, ka zaro daga kube, harsashi bibbiyu ga kowane, ka sauya gidan harsashi, ka sake bibbiyu. Harsashi 12, maki 60 idan duk sun shiga tsakiya.

A wannan wasa ana raba makinka ne da daƙiƙoƙin da ka ɓata, abin da ya fito shi ne darajarka. Da irin harsashinmu, tsakiyar allo da ake kira A maki 5 ne, zagayen C maki 3, gefen D maki 1, wanda ya kuskure allo gaba ɗaya kuma a zabtare masa 10. Don haka mai sauri marar saiti da mai saiti marar sauri duk suna iya tashi a tutar babu.

Na yi sau 5 da kowace. Mafi kyawun zagayena da jan ɗigo: maki 52 cikin daƙiƙa 9.8, wato 5.31. Da baƙi: maki 56 cikin 10.9, wato 5.14. Baƙin ya fi shiga tsakiya, jan ya fi sauri, kuma saurin ya rinjayi lissafi da ɗan kaɗan. Abin da lamba ba ta nuna ba shi ne yadda abin yake a ido. Idan bindiga ta zabura sama bayan harbi, jan ɗigon nan ina ganin tashinsa da saukarsa, kamar an ja layi da jan alli a iska. Baƙin kuwa ɓace mini yake yi, sai ya dawo na shiga lalubensa cikin tsaga. A kan allo mai ruwan ƙasa, da inuwar rumfa a kansa, laluben nan shi ke cin lokacin.

Na koma gida ina ganin magana ta ƙare.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ashe da sauran rina a kaba. Yau na koma mita 25, a tsaye, hannu biyu, harsashi 10 ba gaggawa. Da baƙin ƙuda ramukan sun taru a inda tafin hannuna zai rufe, kuma a tsakiya. Da jan ɗigo sai ga su sun bazu sama da ƙasa, mafi yawa sama, biyu ma sun fita daga A sun haura kafaɗar allo. Na sake, haka. Na ɗauka saitin ne bai zauna daidai ba, na kai wa mai gyara. Ya ɗora bindigar a kan jakar yashi, ya harba 5, duk suka taru a tsakiya. Ya miƙo mini ita bai ce uffan ba.

Kaftin ne ya warware mini. Ya zana a bayan takardar maki, ya ce: "Ya ustaz, dubi inda ɗigon yake. Ba a saman ƙarfen yake ba, yana ƙasa da shi da kusan milimita ɗaya. Idonka na son haske, sai ya ɗauko ɗigon ya jera shi da saman saitin baya. Ka ɗaga bakin bindiga ke nan ba ka sani ba."

Da na dawo gida na zauna na buga lissafin da kaina, kuma ya girgiza ni. Tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba a Glock 17 kusan milimita 165 ce. Duk kuskuren da aka yi a jerin saiti, nisan allo ne ke ninka shi: ka ɗauki kuskuren, ka ninka da nisa, ka raba da wannan tazara. Milimita 1 a mita 25 ya zama santimita 15. Rabin milimita, abin da bai kai kaurin farce biyu ba, ya zama santimita 7 da rabi. A mita 7 kuwa wannan milimita ɗayan santimita 4 ne kacal, har yanzu kana cikin A. Shi ya sa wanda bai taɓa wuce mita 10 ba zai rantse da Allah faiba ba ta da aibu, kuma iya abin da ya gani gaskiya ya faɗa.

Akwai abu na biyu. Da hantsi, rana na dukan tsinken kai tsaye, ɗigon yakan yi fure, haskensa ya malalo ya cinye gefunan ƙarfen. Saman da nake nema in daidaita sai ya nutse cikin ja. Ranar Riyad ko a cikin hunturu ba ta wasa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sanyi da iska, yatsu sun ƙage. Na harba 50 kawai a kan farantan ƙarfe masu faɗin santimita 20 a mita 15. Ban rubuta lokaci ba domin rawar hannu ta fi bambancin saiti yawa. Na sa mai gyara ya musanya ƙudajen tsakanin bindigogin biyu, don kada ya zama wata ce ta fi 'yar'uwarta kyau tun asali nake ɗora wa saiti. Aikin minti 10 ne: ɗan ƙaramin noti ne ke riƙe da ƙudan daga ciki, a ɗiga masa maganin hana kwancewa a ɗaure.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hutun Ranar Kafuwar Saudiyya ya kawo mana Kawu daga Makka, ƙanin mahaifiyata, wanda a gidansa na Jarwal na fara ganin bindigar iska ina yaro. Ya yi shekaru yana harbin mita 10 kafin gwiwa da ido su ce ya isa. Na roƙe shi ya raka ni fili, ya ce ai ko ban roƙa ba zai je.

Na miƙa masa mai jan ɗigo. Ya miƙa hannu ɗaya irin tasu, ɗayan a aljihu, ya duba, ya sauke. Ya ce: "Ɗana, wannan a wajenmu ko layi ba za a bar ka ka hau da ita ba." Gaskiyarsa. Dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, wadda ake bi a gasar Olamfik, buɗaɗɗen saiti kawai ta yarda da shi a ƙaramar bindiga, kuma ta hana faiba da duk wani launi mai ƙara haske ko mai ƙyalli. Amma ya ce ko da an halatta ba zai sa ba. Zoben maki 10 a allon mita 10 faɗinsa milimita 11.5 ne, harsashin kuma 4.5, ana harba 60. A irin wannan aiki ba neman saiti ake yi ba, yana nan a gabanka ba inda za shi. Gefensa ake karantawa, kaifin layin sama da siririn hasken dama da hagu. Shi ya sa suke ajiye ƙudan a ƙasan baƙin da'irar, cikin farin takarda, domin baƙi a kan fari ya fi fita.

Sai ya yi abin da na manta ana yi. Ya karɓi baƙar, ya tabbatar babu harsashi, ya ciro laita daga aljihu ya kunna, ya bi ƙudan da hayaƙin har ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce da can har 'yar fitilar kabaid suke ɗauka don wannan kawai. Ƙarfe ko an yi masa baƙin fenti, gefensa yakan goge da shiga da fita a kube, rana ta kama wurin ta yi walƙiya, ido ya ɗauki walƙiyar a matsayin gefen gaskiya, ramuka su karkata gefe guda. Na harba 10 a mita 25 da ƙudan da ya sha hayaƙi. Tun da na fara wannan gwaji ban tara ramuka wuri ɗaya kamar na yau ba.

Na ce: "Kawu, to ke nan baƙin ya ci?" Ya ce: "A wasana ya ci. Naku wasan gudu ne, ban san shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba." Ya tsaya ya kalli samari suna gudu tsakanin shinge suna harbin allo 12 cikin abin da bai kai rabin minti ba, yana riƙe da carbi, ya daɗe bai yi magana ba. A mota ya ce mini abin da ya lura shi ne yawancinsu allo suke kallo, saitin a dushe yake a idonsu, kuma a hakan ɗigo mai haske yana da amfani tunda ko a dushe ana ganinsa. Mutumin da bai taɓa wasan ba ya gano cikin awa ɗaya abin da na yi wata ina kewayawa.

Juma'a, 7 ga Maris, 7 ga Ramadan

Azumi ya mayar da atisaye dare, bayan tarawihi, a zauren cikin gini. Nan faiba ta nuna iyakarta. Fitilun zauren a kan alluna suke, layin da muke tsayawa kuwa da duhu-duhu. Tsinken da ke ci kamar garwashi da rana ya koma ja mai mutuwa, kamar bushasshen barkono. Ba shi da hasken kansa, abin da ya sha shi yake bayarwa. Mutane kan rikita shi da saitin tiritiyum, wanda shi yake haskawa a duhu da kansa, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Abin da ban zata ba: a wannan hali na fi harbi daidai da mai faibar fiye da yadda nake yi da ita da rana. Da ɗigon ya lafa, saman ƙarfen ya bayyana a kan allo mai haske, ramukan mita 25 suka sauko tsakiya. A El Presidente kuma bambancin lokaci tsakanin bindigogin biyu ya kusa ɓacewa. Wannan ya sa na fara zargin cewa matsalata ba faiba ba ce, yawan haskenta ne.

Ban yarda da lambobin watan nan sosai ba. Mutum ya wuni da ƙishirwa, ya cika ciki da sambusa da shurba, ya tsaya salla, sannan ya zo yana auna rabin milimita. Na rubuta su dai, na sa musu alama.

Asabar, 15 ga Maris

Tsinken ya faɗi. Ina tsakiyar harbin faranti sai na ga rami fayau a inda ɗigo yake, haske na shigowa ta ciki. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da a gasa ne da zagayen ya tafi. Da muka bincika, ni ne na jawo: ranar Talata na wanke bindigar, na fesa mata man wanke dauɗa har ya jiƙa ƙudan. Irin wannan mai yana cin robar, ta yi fari-fari, ta tsattsage, girgizar harbi ta ƙarasa ta. Zafin rana ma yana tsufar da ita a hankali.

Mai gyara ya koya mini sawa da hannuna. A yanko tsinke ya ɗan fi ƙudan tsawo, a kusanta bakinsa ɗaya da wutar laita ba tare da harshen wutar ya taɓa shi ba, sai ya narke ya yi kai kamar na ƙusa. A zura, a ja ya zauna, a yanke ɗaya bakin a bar kaɗan, a narka shi ma. Ya nuna mini wata dabara: girman kan da ka narka ta wajen idonka shi ne girman ɗigon da za ka gani. Ka narka da yawa, ka samu ƙaton ɗigo. Ka taƙaita, ka samu ƙarami. Yanzu akwai tsinke 3 da 'yar reza da laita a jakata. Baƙin ƙuda dai tun 11 ga Janairu ba abin da ya nema a wurina sai hayaƙi.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Salla, mun koma filin waje. Na sa an kawo ƙuda mai ramin milimita 1, na gwada kore da ja. Idon ɗan Adam da rana ya fi jin launin da ke tsakanin kore da rawaya, kuma na ga hakan da idona: koren ya fi jan haske nesa ba kusa ba. A zauren cikin gini wannan alheri ne. A ƙarƙashin ranar Afrilu kuwa ya yi mini yawa, furen ya dawo. Wani abokin harbinmu da ba ya bambance ja da kore sosai ya ce shi jan kusan baƙi yake gani, koren ne kawai ke yi masa aiki. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da ya faɗa.

Na zauna a kan ja, milimita 1, kai ƙarami. Sannan na ɗauki baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, na shafe saman tsinken, wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa, don rage hasken da yake sha. Ɗigon ya koma ɗan mitsitsi, yana nan idan na neme shi, ba ya kuma yi mini ihu. A mita 25 ramukan sun kusa kamo na baƙin da ya sha hayaƙi, saura faɗin yatsa biyu. A mita 10 saurin bai ragu ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ƙaramar gasar cikin gida, zagaye 4, da ƙura a sama tun safe har rana ta koma kamar faranti. Na shiga da ja mai shafin maka. Zagaye 3 na farko allunan kusa ne da matsakaita, na bi ɗigo, ban tsaya neman komai ba, kuma ban kuskure ko ɗaya ba. Na huɗun yana da faranti 2 a mita 25. Na farko na harba sau biyu ina jin shiru, babu ƙarar ƙarfe. Na san abin da nake yi tun kafin in gama yinsa: ɗigo nake jerawa. Na ja numfashi, na mayar da ido kan layin saman ƙarfen, na matsa, farantin ya faɗi. Na biyun harsashi ɗaya ya ci. Wajen daƙiƙa 3 na bari a wurin, kuma sun sauke ni daga na 4 zuwa na 7 cikin mu 16.

Matsayina a yau: bindigar gasar gudu za ta zauna da ƙaramin jan ɗigo. Ɗayar na roƙi Kaftin a bar mata baƙin ƙudanta, kuma kowane atisaye da ita zan buɗe, harsashi 20 a mita 25, kafin in taɓa mai faibar, ko idona ya saba da neman layi kafin neman haske. Ko wannan zai hana abin da ya faru a zagaye na huɗu idan agogo na gudu, sai na gwada.

Na kira Kawu da daddare na ba shi labari. Ya ce in koma wurin likitan ido da bindigar roba ko sanda mai tsawon hannuna da bindiga, a auna tazarar idona zuwa ƙuda, a yanka mini gilashin da zai kaifafa daidai wannan tazara a idon dama kawai, na hagu a bar shi yana ganin nesa. Ya ce haka ya yi ya ƙara shekaru a kan layi. An sa mini ranar ganin likita, Talata 29 ga wata. Idan gilashin ya fito kafin zafin Mayu ya kore mu daga filin waje, zan maimaita gwajin 1 ga Fabrairu daga farko, bindiga biyu, harsashi goma-goma, da hantsi.